Ajin Motsa Jiki na Kwaikwayo a Wani Ƙauyen Taura: Nazarin Lamari

Ƙauyen yana cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, a ƙasar Ringim. Wadda ta buɗe ajin ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin garin, ita ce awon ciki, ita ce rigakafin yara, ita ce awon jini. Abin da ya dame ta shi ne matan da suka haura shekara 40 da ke zuwa da ciwon gwiwa da na kwankwaso, jininsu yana kai 150 bisa 95 ko fiye, alhali daga 140 bisa 90 ake fara kiransa hawan jini. Duk wadda aka ce wa ta riƙa motsa jiki sai ta yi dariya ta ce, "Haba Malama, ni da ban zauna ba tun asuba?"

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabi ce. Injin niƙa ya karɓe aikin dutse, injin surfe ya rage daka, famfon tuƙa-tuƙa ya kori guga, kuma yara ake aika su ɗebo. Abin da ya rage wa mace mai kulle aikin zaune ne da na duƙe: ɓarar gyaɗa, saƙar faifai, ɗinkin hula, suyar awara a bakin murhu, shara da gajeriyar tsintsiya. Irin wannan yana cinye baya da wuya, amma ba ya sa zuciya ta ɗaga bugunta ta riƙe na wani lokaci. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 tana neman baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka, tsofaffi kuma su ƙara da kwana 3 na atisayen da ke hana tangaɗi da faɗuwa.

Yunƙurin farko

Ta fara da abin da ke hannunta: bidiyon motsa jiki a waya, ƙaramar sifika, da ajin firamare bayan an tashi. Mata 18 suka zo ranar farko. Kafin mako na 3 ya ƙare saura 5, su ma don kara suke zuwa.

Ɗakin mita 7 ne da mita 8, wato murabba'in mita 56. Mace ɗaya tana bukatar kimanin murabba'in mita 4 idan za ta ware hannu ta taka gefe, don haka ko an fitar da bencina ɗakin ba ya ɗaukar fiye da 13 ko 14. Daɓen siminti ne, ba ya sassauta wa gwiwa, ga rufin kwano ba silin. Tsalle-tsallen bidiyon kuma sun jawo abin da babu mai faɗa a fili: macen da ta haihu 6 ko 8, tsokar ƙasan mararta ta saki, tana dira sai fitsari ya ɗigo. Wadda hakan ta same ta sau ɗaya a gaban mutane ba ta dawowa, kuma ba za ta ce don me ba. Ga yara maƙale a tagogi. Ga kuma sunan da gari ya raɗa wa abin, "rawar asibiti", wanda ya isa ya sa maigida ya janye izininsa.

Babbar matsalar dai kunya ce. A ce wa uwar 'ya'ya ta tsaya a layi ta ɗaga hannu ta girgiza ƙugu ba gaira ba dalili, a gaban ƙannen mijinta, sai jikin ya sandare. Matar nan kuwa ita ce za ta shiga fili ranar suna ta taka har ɗankwali ya faɗi. Bambancin shi ne a wurin suna akwai dalili, akwai matsayin da take takawa a kansa.

Da aka koma tsakar gida

Daga nan aka sauya tsarin gaba ɗaya. An nemi izinin mai unguwa da liman, aka kira abin da sunansa, motsa jikin masu hawan jini da ciwon gwiwa. Malamai sun saɓa a kan kiɗa, don haka ba a je da gardama ba, sharuɗɗa aka karɓo: ba namiji, ba kalangu, ba batsa a waƙa, ba cin lokacin salla. Aka ƙara ɗaya daga ɓangaren mata, wanda ya fi sauran kwantar musu da hankali: kowace waya tana kwana a cikin kwando a zaure, wata tsohuwa tana gadinta tana korar yara.

Filin tsakar gidan mai unguwa ne, ƙasa mai rairayi-rairayi a ƙarƙashin darbejiya. Ana share shi a tsince tsakuwa da ƙarangiya, a yayyafa bokiti 2 na ruwa minti 20 kafin a fara. Idan aka rage, ƙura ta tashi ta shaƙe masu asma. Idan aka zarce, ƙasa ta yi santsi. Silifas an hana, domin yana zamewa ya jawo targaɗe. Ana takawa da ƙafa, ban da masu ciwon suga, waɗanda dole su sa kambas, saboda ƙafarsu tana iya yankewa ba su ji ba. Wando a ƙarƙashin zane, a ɗaure zanen ya ɗan ɗage, in ba haka ba taku ba ya buɗewa. Goyo ana sauke shi a tabarma.

Maimakon lissafin ɗaya zuwa takwas da ake ƙirga wa masu motsa jiki, kowane zama ya koma labari ne da ake kwaikwaya da jiki, ba magana sai waƙa da amshi. Wanda ya fi karɓuwa shi ne na shirin biki. Minti 45 ne duka. Minti 8 na farko wayewar gari ne: miƙa, juya kafaɗa, shara da doguwar tsintsiyar da babu ita, tafiya a da'ira ana gaisawa da hannu da fuska kamar an haɗu a hanyar unguwa. Sai minti 24 na tsakiya, kashi 3: jan ruwa, daka da shiƙa, sannan kai amarya. Minti 6 na ɗaukar tulu, minti 7 na saukowa.

Daka ita ce ƙashin bayan ajin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ƙugu ya koma baya kamar za a zauna a kujera 'yar tsugunno amma a fasa tun daga rabin hanya, gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, gadon baya a miƙe. Masu ciwon gwiwa kwata kawai suke sauka. Da aka fara da hannu wayam, mata suka yi ta kukan gwiwar hannu, domin a dakan gaske turmi ne ke tsayar da taɓarya, a nan kuwa babu abin da ke tsayar da hannun sai gaɓar kanta. Maganin karan dawa ne mai tsawon kamar mita 1, a riƙe da hannu biyu, a tsaya kafin hannu ya miƙe sarai. Bayan mako 4 masu ƙarfi suka koma robar ruwa ta rabin lita cike da yashi, nauyinta wajen kashi 3 cikin 4 na kilo. Kowace mace tana da hannun da ta saba ɗorawa a sama, shekara 30 tana daka da shi, shi ya sa ake sauya hannu bayan bugu 8. Ana fitar da numfashi lokacin saukar taɓarya, irin nishin nan na masu lugude. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana ɗaga jini nan take, haka ma barin hannaye sama da kai na dogon lokaci, don haka bugu 16 ne sai a sauko a yi bakace da faifai a saitin ciki, a huta da kafaɗa ƙafa tana ci gaba da taku.

Jan ruwa ja da baya ne da ƙafa ɗaya, hannu bisa hannu ana janyo igiya, sannan a juya a juye guga a tulu. Wurin juyawar ne haɗarin yake: idan tafin ƙafa ya kafe a ƙasa jiki ya murɗa, gwiwa ce ke biya. Dole dunduniya ta ɗaga, ƙafa ta juya tare da ƙugu. Ɗaukar tulu kuwa gammo ne da ƙwarya wayam a ka, a bi layin da aka ja da kara a ƙasa, dunduniya tana taɓa yatsa, taku 10 a tsaya da ƙafa ɗaya a ƙirga 5. Tsofaffi suna yi a jikin katanga. Ƙwaryar ce malamar: da an sunkuya ko an karkace za ta faɗi, a yi dariya, a gyara ba tare da an ce wa kowa ta yi kuskure ba.

Ita kanta malamar sai da ta koyi koyarwa. Dama da hagu ba sa aiki a da'ira, kuma idan ta fuskanci mata damarta hagunsu ce. Sai ta koma yadda mutanen ƙauye ke kwatance: "Gabas, taku biyu. Yamma. Wajen rumbu. Wajen ƙofa." Umarni yana fita bugu 2 kafin a sauya, ba a kan sauyin ba. Sannan ba ta gyara jiki da sunan gaɓa, da labarin take gyarawa. Maimakon ta ce a miƙe baya, sai ta ce, "Goggo, tulun nan cike yake, kada ki jiƙa mana amarya." Maimakon a ƙara ƙarfi, "Yaya, geron nan bai surfu ba, dangin ango suna hanya." Fuska ma tana cikin aikin: mai jan ruwa ta nuna nauyin gugan, mai kai amarya ta nuna alfahari. Mace idan tana kwaikwayon wata, ba ita ake kallo ba, kunyar sai ta sauka.

Ƙwarya da amshi

An ajiye sifika, aka ɗauko wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya a bukukuwan garin. Masaki a kife cikin baho mai ruwa, ƙaramar ƙwarya a kife a gefe, 'yan sanduna biyu. Amfaninta a kan sifika shi ne tana gani, tana iya ragewa. Saurin kiɗa ana auna shi da agogo: a ƙirga bugun da ƙafa ke bi cikin daƙiƙa 15. Bugu 24 na ɗumama jiki ne, wato 96 a minti. Bugu 28 zuwa 30 na tsakiya ne, 112 zuwa 120. Abin da ya wuce haka ba na wannan aji ba ne.

Akwai ma'aunin da masu horar da motsa jiki ke amfani da shi ko'ina: a matsakaicin motsi mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, a mai tsanani ko magana ba ta wuce kalma kaɗan sai an ja numfashi. Waƙar bayarwa da amshi ta zo daidai da wannan kamar don shi aka yi ta. Idan mata suna iya jan dogon baiti suna rangaɗa shi, aikin ya yi sauƙi. Idan gajeren amshi na kalma 2 ko 3 yana fita da ƙarfi, an daidaita. Idan amshi ya fara yankewa, saura haki, an zarce. Saboda haka mai ba da waƙa ba ta rawa, zaune take kusa da mai ƙwarya. Da farko malamar ta haɗa duka uku, tana bayarwa tana takawa tana duba mutane, muryarta ta dishe cikin mako guda kuma ba ta ganin kowa.

Bugun jijiya ana duba shi sau ɗaya a tsakiya, a wuyan hannu. Ƙiyasin da aka saba shi ne a cire shekaru daga 220, a nemi kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na abin da ya rage. Ga mai shekara 50, wannan bugu 85 ne zuwa 119 a minti, wato 21 zuwa 30 cikin daƙiƙa 15. Masu shan maganin hawan jini irin atenolol ko propranolol lissafin ba ya yi musu aiki, maganin yana danne bugun, su amshi ne ma'auninsu.

Ranar da aka faɗi

A mako na 7, wata Litinin cikin bazara, ana kashin kai amarya. Wata mai kimanin shekara 55 tana matsayin gwaggon ango, ita ce a gaba. An yi guɗa, fili ya ɗauki zafi, mai ƙwarya ta bi ƙafafun mata maimakon su bi ta. Gwaggon ango ta yi juyi 3 a jere, kiɗa ya tsaya cak kamar yadda aka saba rufe kashin, kowa ta ƙame a inda take. Ta daɗe a tsaye kamar daƙiƙa 10, ta ce idonta ya yi duhu, ta sulale.

An kwantar da ita a inuwa, aka ɗora ƙafafunta a kan turmin da aka kwantar, aka sassauta ɗaurin zane, ana fifita da mafici. Cikin minti guda ta buɗe ido ta san inda take. Malamar ta duba abubuwan da ke sa a nemi mota nan take: karkacewar baki, rashin ƙarfin hannu ko ƙafa na ɓangare ɗaya, lauyewar harshe, ciwon ƙirji. Babu ko ɗaya. Jininta 95 bisa 60, ita da ta saba 150. Da aka miƙo moɗa ta kau da kai ta ce azumi take. Sai da aka tuna mata na nafila ne, lafiya kuma tana gaba, sannan ta sha. An haɗa mata ruwan gishiri da sukari, lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, washegari aka tura ta babban asibiti a duba zuciyarta da magungunanta.

Dalilan sun taru ne suka yi mata rubdugu. Azumin Litinin take, ba wanda ya tambaya. Da sahur ta sha maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, ruwan jikinta ya ragu tun kafin ta fito. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Zafin Afrilu a wannan yanki yana haura digiri 40 da rana, tun hantsi an fara jin sa. Kiɗan ya haura inda aka iyakance. Na ƙarshe kuma laifin tsarin ne ba nata ba: tsayawa cak. Lokacin motsi jijiyoyin jini na ƙafa suna buɗewa, tsokar sharaɓa ce ke matso jinin ya koma zuciya. Da an ƙame, matsawar ta tsaya, jini ya taru a ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. A wasan kwaikwayo tsayawar nan tana da kyau a ido, a ajin masu hawan jini tarko ce.

A nan ne ake ganin cewa abin da ya cire kunya shi ne ya ɓoye gajiya. Matar da ake ƙirga mata ɗaya zuwa takwas tana jin jikinta, da ta gaji za ta tsaya. Gwaggon ango kuwa ba ta barin fili ana guɗa.

Abin da ya kusa rufe ajin ba faɗuwar ba ce, fassarar da aka yi mata ce. Mace ta yi juyi ana kiɗan ƙwarya, ta faɗi, ta tashi. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa bori ake yi a gidan mai unguwa, iska ta hau wance. Zama na gaba mata 4 ne suka zo. Musu da baki ba ya kashe irin wannan magana. Malamar ta ɗauki na'urar awon jini da littafin da take rubuta awon kowace mace, ta bi mai unguwa zuwa zauren liman, mijin matar yana wurin, da yardar ita matar. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da jininta yake kullum, ga abin da ya koma ranar." Ta auna mai unguwa a zaune, ta sa ya miƙe ta sake aunawa, ta bayyana yadda tsayuwa ke taɓa jini. Sannan ta roƙi uwargidan liman ta zo ta zauna ta ga zama 3 da idonta. Gani ya kori ji. Ita ce ta ba da shawarar a daina duk wani salon kiɗa da kunne zai danganta da na masu bori, mai ƙwarya kuwa ta san su sarai, ta ajiye su.

Gyare-gyaren da suka biyo baya

Juyi cikakke an cire, saura rabi, ido a buɗe. Ba a ƙara rufe kashi da ƙamewa ba: kiɗa yana sauka a hankali, ƙafa tana ci gaba da taku, minti 7 na ƙarshe kuma rakiyar baƙi ce, tafiya mai raguwa har a kai ga miƙa sharaɓa da cinya, kowace daƙiƙa 20 zuwa 30. An ba mai ƙwarya alama: idan malama ta dafa kanta, "Iya, a sassauta" ke nan, ko ana tsakiyar guɗa. Matsayin da ya fi zafi ba a barin mace ɗaya a kansa fiye da minti 2, ana karɓa-karɓa. A zaure ana tambaya 3 kafin a shiga: kin karya, kina azumi, kin sha magani? Mai azumi tana zama cikin masu amshi. Wadda awonta ya kai 180 bisa 110 ba ta shiga fili ranar, asibiti za ta. Mai jego sai ta yi arba'in, wadda aka yi wa aiki sai likita ya sallame ta, mai ciki kuma sai an duba ta a awo. Ranakun sun koma Talata, Laraba da Juma'a, an kauce wa Litinin da Alhamis na masu azumi, da Asabar da Lahadi da gidaje ke haɗa kayan kasuwar Gujungu. Ba tsari ne mai kyau ba a ce kwana biyu a jere, sai aka mai da Laraba ta zama mai sauƙi, ta tulu da miƙa.

Wasu 'yan mata-mata sun nemi a sa gaɗa irin ta dandali, wadda ake faɗawa baya a cafe. An ƙi. Yarinya mai kilo 30 daban, uwa mai kilo 75 daban.

Sai rikicin da ba na jiki ba. Waƙar daka gidan habaici ce tun asali, kuma ranar da wata ta ba da baiti a kan mai miya ba gishiri, kishiyarta tana cikin da'irar, zaman bai ƙare lafiya ba. Yanzu ana jin baitocin kafin a fara, kuma an hana kwaikwayon tafiya ko maganar wani sananne a gari. Suruka da matar ɗa ba sa sakewa a fili ɗaya ko me za a yi. Inda suka haɗu, ana ba surukar shantu ko bayar da waƙa, ko a raba musu rana. Kaka da jika kuwa, ko taubasai, da gangan ake haɗa su, wasan da ke tsakaninsu yana kunna sauran.

Zama 3 na minti 45 minti 135 ne, kuma wanda ya kai matsakaicin ƙarfi a ciki bai fi minti 90 ba. Bai cika 150 ba, kuma ba daidai ba ne a ce wa mata ya cika. Ana cike giɓin da tafiyar minti 15 a tsakar gida ko zuwa unguwa a sauran ranaku. Haka nan ba a yarda kowa ta ajiye magani don tana zuwa aji ba. Motsa jiki yana taimaka wa jini ya sauka, amma rage ƙwaya aikin wanda ya rubuta ta ne.

Lokaci yana bin shekara. Da sanyi ƙarfe 10 na safe, a tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 12, ranar da hazo ya yi kauri a fasa. Da bazara ƙarfe 7, a rage tsakiya zuwa minti 16, randa a kusa, a sha kafin a fara da kuma bayan kowane kashi. An gwada bayan isha'i, lokacin da masu kulle suka saba fita, aka bari saboda kunama da ƙarancin haske. Da azumin Ramadan ana rufewa. Da kaka kuwa, lokacin roron gyaɗa da sussuka, fili yana komawa mutum 6 ko 7, sauran suna dakan gaske.

Abu biyu ba a warware ba. Amare da masu ƙananan shekaru suna ganin bugu 120 ya yi musu sanyi, suna son ajinsu daban, babu mai koyar da su. Sannan duk awon da tambayoyin zaure a wuyan mutum ɗaya suke: ranar da aka tura malamar aikin rigakafi a rugage, mai ƙwarya da mai waƙa suna nan, amma ba mai ɗaura na'ura a hannu, don haka ba a yin zaman. An fara koya wa wata malamar Islamiyya karanta na'urar da ƙirga bugu, tana zama kusa da kwandon wayoyi da littafin awo a cinyarta.